Doguwar kalmar Turanci ba dodo ba ce, a gaɓa ake yanka ta

Ranar Asabar da ta wuce bayan la'asar ina zaune a zauren gidanmu a nan Illela, ƙanena da ke aji biyar na sakandare yana karanta mani darasinsu na Gwamnati da ƙarfi. Karatu na tafiya sumul, sai kawai na ji ya yi wani ɗan gunaguni a maƙoshi, ya tsallake, ya ci gaba abinsa. Na ce masa dakata, koma baya, me ka haɗiye a nan? Ya dube ni ya ce, "Yaya, wagga kalma ta hi ƙarhina, ko malaminmu da gudu shika wuce ta." Na leƙa littafin. Kalmar ita ce decentralisation, mai haruffa 16.

Na sa yatsa ɗaya na rufe farkonta, na sa wani na rufe ƙarshenta, na bar tsakiya a buɗe. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce central. Na tambaye shi inda ya san ta, ya ce ai akwai Central Bank, akwai Central Market ta Sakkwato, ma'anarta tsakiya. Na ɗaga yatsan ƙarshe na nuna masa cewa ise na nufin a mayar da abu ya zama haka, ation kuma yana mayar da aikin ya zama suna. Sannan na buɗe farkon na ce de yana warware abin da aka ƙulla. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya ce, "Wato awa Abuja ta sakam ma Sakkwato iko, Sakkwato ta sakam ma Illela?" Ko minti uku ba mu yi ba. Kalmar da ya yi zango guda yana gudu ta zama tasa.

Abin da ya dame ni ba ƙanena ba ne kaɗai. Ni ma haka na gama sakandare. Mu da yawa da muka tashi a garuruwan nan an koya mana tsoron doguwar kalma, ba a koya mana yadda ake kwance ta ba. A wata makaranta da na yi, hanyar da aka sani ita ce a rubuta kalmomi 20 a allo ranar Litinin, a ce ranar Juma'a kowa ya zo da su a ka, harafi bayan harafi, wanda ya faɗi kuma dorina na jiransa. Muka haddace, muka tsira daga bulala, ranar Litinin ta gaba kuma muka manta. Ra'ayina shi ne wannan hanya ta cuce mu, tana kan cutar ƙannenmu, kuma maganin yana hannunmu tun tuni, cikin Hausar da muke yi da kuma karatun allon da muka fara da shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ranar kasuwar Illela ya ga yadda mutum ɗaya ke gamawa da ƙaton sa. Ba ya sara a tsakiyar ƙashi. Yana laluben gaɓa, ya sa wuƙa, cinya ta rabu da kanta. Malaman Hausa da suka zauna neman sunan abin da bakin mutum ke furtawa a bugu ɗaya, wannan kalmar suka ɗauka, suka ce gaɓa. Sun kuwa dace. Kalma komai tsawonta tana da gaɓoɓi, mai sara a ƙashi ne kawai ke shan wahala.

Sai dai yanka iri biyu ne, kuma rashin bambanta su na rikita ɗalibai. Akwai yankan baki, akwai yankan ma'ana. Ɗauki transportation. Idan furtawa za ka yi, gaɓa huɗu ce: trans, por, ta, tion. Idan fahimta kake nema, kashi uku ce: trans wato ƙetare, port wato ɗauka, ation wato sunan aikin. Na farko yana taimakon harshenka kada ya sarƙe, na biyu yana taimakon ƙwaƙwalwarka kada ta yi hasashe. A darasin Hausa ana kiran ginshiƙin kalma saiwa, abin da aka liƙa a gaba ɗafa-goshi, wanda aka liƙa a baya ɗafa-ƙeya. Ɗalibin da ya zauna ajin Hausa ya ji waɗannan sunaye, amma da wuya ka ga malamin Turanci ya ce masa ai abin nan da ka koya can shi ne nan.

Alhali kullum muna yin sa ba tare da mun lura ba. Yaro ɗan shekara shida ya san cewa mai noma manomi ne, mai ɗinki maɗinki ne, abin buɗe ƙofa mabuɗi ne, wurin karatu makaranta ce. Ya san Basakkwace ɗaya ne, Sakkwatawa da yawa ne, Sakkwatanci kuma bakinsu ne. Ba wanda ya ba shi jerin kalmomi ya haddace, tsarin ya kama. Wanda ya yi Islamiyya ya taɓa sarfu kuwa ya ma fi kowa gata, domin ya ga yadda baƙaƙe uku, kaf da ta da ba, suka haifi kataba da katib da kitab da maktab da maktub. Littafi ma da muke faɗa daga nan ya fito. A makarantar allo ba a fara ba yaro doguwar aya. Babbaƙu ake fara masa, a zo farfaru, sannan a koya masa haɗawa. To me ya sa idan aka zo Turanci sai a jefa masa kalma mai haruffa 16 a ce haɗiye ta ɗungurungum?

Kakanninmu ma da ba su shiga aji ba sun fi mu ƙarfin hali a gaban kalmomin Bature. Gaɓar Hausa ƙa'idarta a fili take: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Da suka ji bread sai suka raba baƙaƙen da wasali suka ce burodi. Brake ta zama birki, driver ta zama direba, flour ta zama fulawa, hospital ta zama asibiti, government ta zama gwamnati. 'Yan uwanmu na Ƙonni suka yi wa Faransanci irin wannan aski, suka samu lakwal da duwan da jandarma. Kunnen Bahaushe gwanin jin gaɓa ne, wannan ba abin musu ba ne.

Amma kada in yi mana daɗin baki, wannan baiwar tana da kuɗin fito. Turanci na tara baƙaƙe a wuri guda yadda Hausa ba ta yarda ba. Kalmar strengths haruffa tara ce, wasali ɗaya tak, kuma gaɓa ɗaya ce. Bakinmu zai so ya mayar da ita uku ko huɗu. Sannan rubutun Turanci ba ya cika alkawari irin na Hausa, inda abin da ka rubuta shi za ka faɗa. Wednesday a baki gaɓa biyu ce, vegetable da comfortable kuma yawanci uku-uku ake furta su, duk da ido na ganin huɗu. Saboda haka ƙidayar gaɓa da kunne ake yin ta, ba da ido ba. Dabarar mai sauƙi ce: sa bayan hannunka a ƙarƙashin haɓa ka furta kalmar a hankali, duk saukar haɓa gaɓa ɗaya ce. Wanda ke da waya kuma ya sa ƙamus ya furta masa, ya saurara sau biyu kafin ya kwaikwaya.

Wannan ba maganar gayu ba ce, maki ne. A jarrabawar Turanci ta WAEC akwai takarda ta uku mai tambayoyi 60 a kan furuci, kuma a cikinta akwai sashen da ake rubuta kalma sau huɗu, kowane da gaɓa daban cikin manyan haruffa, a ce zaɓi inda ake danna murya. Mu Hausa karin sauti gare mu, hawa da sauka, ba mu saba da danna gaɓa ɗaya a raunana sauran ba. Shi ya sa yawancinmu a wannan sashe sai canki-canka. Alhali akwai ƙa'idojin da malami zai iya koyarwa a darasi biyu. Kalmar da ta ƙare da tion, murya na sauka a gaɓar da ke gabanta: eduCAtion, immiGRAtion. Haka mai ƙarewa da ic ko ity: ecoNOmic, elecTRIcity. Dubi yadda ɗafa-ƙeya ke jan muryar kamar akala: PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAphic. Wasu kalmomi masu gaɓa biyu kuma, idan suna ne a danna farko, idan aiki ne a danna ƙarshe: IMport kayan da aka shigo da su, imPORT aikin shigowa da su. Kowa ya san ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma JAMB ba ta ɗauke wa kowa takardar Turanci. Yaro ya yi shekara uku yana maimaita jarrabawa saboda abin da za a iya nuna masa da yatsa biyu, wannan asara ce ta gida guda, ba tasa shi kaɗai ba.

Mu 'yan Illela ma ba mu da uzuri, domin garinmu kansa allo ne. Tsaya a bakin iyaka ka karanta abin da ke rubuce a ofisoshi da takardun direbobi. Saiwar port, wato ɗauka, ita kaɗai ta ba ka import da export da transport da deport da portable da porter. Im ciki, ex waje, trans ƙetare. Saiwar migr, wato ƙaura, ta ba ka immigration da emigration, mai shigowa da mai fita. International ba komai ba ce illa inter wato tsakanin, nation wato ƙasa, da al mai mayar da ita siffa. Contraband kuwa contra ne, wato saɓa wa, da band daga kalmar da ke nufin shelar hukuma. Lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, irin waɗannan kalmomi ne suka cika sanarwar hukuma, kuma abincin gidajenmu ne ke rataye a jikinsu. Matashin da ke iya karanta takardar kwastan da kansa ba ya biyan wani ya karanta masa, ba kuma a sa shi ya sa hannu a abin da bai gane ba.

Akwai wani abin lura game da maƙwabtanmu. Fiye da rabin kalmomin Turanci daga Latin da Faransanci suka samo asali, tun bayan da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma dogayen kalmomin nan da ke ba mu tsoro yawancinsu daga can suke ko daga Girkanci. Shi ya sa ɗan Ƙonni da ya yi lakwal, idan ya ga nation ko immigration ko administration, ba baƙi ba ne a wurinsa, rubutunsu ɗaya ne da na Faransanci. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka ajiye Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ma'ana samarin da muke haɗuwa da su a kasuwa suna tahowa Turanci da jarin da mu ba mu da shi. Idan muka ci gaba da haɗiye kalmomi, wata rana a wannan iyakar su za su riƙa yi mana tafinta.

Inda abin ya fi tsanani shi ne fannin lafiya. Yaranmu da yawa burinsu kwalejin kimiyyar lafiya ta Gwadabawa, ko makarantar jinya, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Can kuwa dogayen kalmomi ne abincin yau da gobe. Wanda ya san itis kumburi ne, ya riga ya kama rabin meningitis, sanƙarau ɗin da ya yi mana ɓarna a Sakkwato da Zamfara a 2017, da hepatitis mai taɓa hanta, da gastroenteritis inda gastro ciki ne, enter kuma hanji. Wanda ya san anti na nufin yaƙi da abu ba zai yi tuntuɓe a antimalarial ba. Ga kuma tagwayen da ke iya kashe mutum: hyper ya yi yawa, hypo ya yi ƙasa. Hypertension hawan jini, hypotension faɗuwarsa. Hyperglycaemia sukari ya hau, hypoglycaemia sukari ya faɗi. Mai tsallake tsakiyar kalma, ya ga farko da ƙarshe ya yi hasashe, ranar da ya tsaya a kan majinyaci hasashen nan ba maki zai ci ba, rai zai ci.

Ko kalmar nan da ake ta yawo da ita a Facebook a matsayin mafi tsawo a manyan ƙamusoshin Turanci, pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis mai haruffa 45, idan ka sa mata wuƙa tausayi za ta ba ka. Pneumono huhu, ultra matuƙa, microscopic ƙanƙanin da ido ba ya gani, silico ma'adinin yashi, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis cuta. Ciwon huhu daga shaƙar ƙura mai laushi, shi ke nan. Wani shugaban ƙungiyar masu wasan wasa ƙwaƙwalwa ne ma a Amurka ya ƙirƙire ta a 1935 don a ce ta fi kowace tsawo.

Wani zai ce to ai wannan dabarar tana yaudara, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Ba duk abin da ya yi kama da gaɓa ne gaɓa ba. Carpet ba mota da dabbar gida ba ce. Understand ba tsayuwa a ƙarƙashi ba ce. Invaluable ba marar daraja ba ne, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ne. Mafi haɗari ita ce wadda ke rubuce a jikin tankokin man da ke ratsa garin nan: inflammable. Wanda ya koyi cewa in na kore abu, kamar a incorrect, zai ɗauka ana nufin ba ya kamawa da wuta, alhali ana nufin yana kamawa nan take. Don haka yanka kalma matakin farko ne. Na biyu shi ne ka mayar da ma'anar cikin jimla ka ga ko ta zauna, idan ba ta zauna ba ka buɗe ƙamus. Matambayi ba ya ɓata. Amma don wuƙa na iya yanke yatsa ba a ce mahauci ya koma yaga nama da haƙori ba.

Sai kuma mu matasa mu duba kanmu. Muna gudun doguwar kalma a littafi, amma muna yi mata sujada a bakin mutane. Duk wanda ya tashi a taron ƙungiya ya jero kalmomi masu gaɓa shida-shida sai a ce kai, wane ya sha boko, ko da ba wanda ya gane me ya ce. Tsohon ɗan majalisar wakilai daga Edo, Patrick Obahiagbon, ya yi suna a ƙasar nan da irin wannan Turanci, muna tura bidiyonsa muna dariya muna kuma sha'awa. Tsoro da bautar duk tushensu ɗaya, rashin sanin abin da ke cikin kalmar. Ranar da ka iya kwance ta, za ka daina gudunta, za ka kuma daina yi wa rogo kallon kitse. Za ka gane mai faɗin utilisation sau da yawa use kawai yake nufi.

A ƙarshen 2022, lokacin Adamu Adamu na ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa. Na yarda faɗuwar gaskiya ce, amma ban yarda Hausa ce ta kayar da mu ba. Ƙanena bai gane decentralisation ba sai da aka yi masa bayani da Hausa. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a makarantun firamare na Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka a kan wannan tunani aka gina shi: yaro ya iya haɗa sauti da gaɓa a harshen da yake ji, sannan ya ɗauki dabarar ya shiga Turanci da ita. Ko me takardar Abuja ta ce, malamin da ke gaban yara a Illela ya san da wane harshe ake cewa "kun gane?" a samu amsa ta gaskiya.

Roƙona ga malamanmu, musamman matasa irina da ke koyarwa a makarantun gwamnati da masu zaman kansu da darasin yamma: a rage jerin kalmomin hadda, a ware minti goma a kowane darasi a yanka kalma biyu a allo, sau ɗaya don baki, sau ɗaya don ma'ana. Malamin Turanci ya zauna da malamin Hausa da na Larabci su daidaita sunayen da suke amfani da su, don yaro ya gane abu ɗaya ake nuna masa ta ƙofa uku. Malaman Bayoloji da Kimiyya da Gwamnati su ma kada su ce ba aikinsu ba ne, a darasinsu dodannin suka fi yawa.

Ku kuma ƙannena, ba sai kun jira kowa ba. Ku samu ƙaramin littafi, shafi ɗaya na ɗafa-goshi, ɗaya na ɗafa-ƙeya, ɗaya na saiwa. Un, re, dis, pre, mis, inter, trans, anti a gaba. Tion, ment, ness, able, less, ful, ity a baya. Kullum a ƙara ɗaya, a nemo mata kalmomi uku daga littafin aji ko allon kan hanya ko kwalin magani. Kafin zango ya ƙare za ku ga bambanci.

Jiya da dare ƙanen nan nawa ya same ni da littafin Bayoloji a hannu, yatsunsa biyu a kan photosynthesis. Ya ce, "Yaya, photo haske na, na gane wannan. Synthesis ɗin fa, mi an nan?" Na ce masa haɗawa. Ya ce to, ya juya ya tafi, bai ko tsaya na ƙarasa ba.